Fasinja tafiya yake saya, don haka tikiti da jadawali su zama a hannu ɗaya

Kwanakin baya na sauka daga jirgin ƙasa da yamma a wata ƙaramar tasha, da niyyar in hau motar bas da za ta ƙarasa da ni masaukina. Jirgin ya iso a kan lokacinsa, bai makara ko da minti ɗaya ba. Amma kafin mu gama gangarowa daga matakala, sai muka hangi bayan motar tana ficewa daga harabar tashar, kujerunta kusan duk babu kowa. Wata dattijuwa da ke gabana, riƙe da hannun jikanta, ta ajiye jakarta ta ɗaga hannu tana kira, direban bai ko waiwayo ba. Ta juyo ta ce da ni, "Ɗana, ta tafi ke nan?" Na ce, "Ta tafi, Mama." Da muka duba allon jadawali, sai muka ga motar gaba sai bayan awa ɗaya cur.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, da na bi diddigin lamarin, ban sami wanda zan ɗora wa laifi ba. A rubuce yake cewa motar za ta tashi minti biyu kafin isowar jirgin, kuma haka take yi kowace rana. Na tambayi mai sayar da tikitin jirgi dalili, ya ce, "Malam, mu namu jirgi ne. Motar ta wani kamfani ce, ba mu da ta cewa a kan lokacinta." Gaskiya ya faɗa. Direban ya bi umarnin kamfaninsa, matuƙin jirgi ya bi na nasa, kowa ya sauke nauyin da aka ɗora masa, an bar tsohuwa da ƙaramin yaro a kan benci har duhu ya yi. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. Da motar ta zo kuma, sai da kowannenmu ya sake sayen wani tikitin, domin na jirgin ba ya aiki a cikinta.

Matsayina a kan wannan a fili yake. Duk yankin da jama'arsa ke hawa abin hawa fiye da ɗaya kafin su isa wurin aiki ko makaranta ko asibiti, yana bukatar haɗakar sufuri guda, wadda za ta riƙe abubuwa uku a hannunta: jadawalin zirga-zirga, farashin tikiti, da rabon kuɗin da aka tara. Kamfanoni su ci gaba da mallakar motocinsu da ɗaukar direbobinsu, amma kada a bar wa kowannensu ikon yanke lokacin tashi da kuɗin mota shi kaɗai. Dalilina shi ne, mutum idan ya fito daga gida, tafiya ce daga ƙofarsa zuwa inda ya nufa yake biyan kuɗinta, kuma wurin da tafiyar ta fi lalacewa shi ne mahaɗa, inda ake sauka daga wannan a hau wancan. Mahaɗar nan ba ta kowane kamfani ba ce, shi ya sa ba mai kula da ita sai an naɗa mata mai kula.

Yadda haɗakar ke aiki

Wannan tsari ba sabo ba ne. A birnin Hamburg na Jamus aka fara shi a watan Nuwamba na 1965, lokacin da kamfanin jiragen ƙarƙashin ƙasa da na kan titi, da hukumar jiragen ƙasa ta tarayya, da masu motocin bas na kewayen birnin suka ga motocin gida suna kwashe musu fasinjoji, suka kafa haɗakar da ake kira HVV. Jiragen fito na tashar ruwan birnin ma suna cikinta. Munich ta bi sahu a 1972, shekarar da ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik, yankin Rhein-Ruhr ya kafa tasa a 1980, Vienna da kewayenta a 1984, Zurich kuma a 1990.

Haɗakar ba ta tuƙa mota ko ɗaya. Ofishi ne da ke zana taswirar layuka, ya daidaita lokutan tashi da isowa, ya raba yankin zuwa shiyyoyi, ya sa wa kowace tafiya farashi bisa yawan shiyyoyin da aka ratsa, sannan ya tattara kuɗin ya raba. A Berlin, alal misali, shiyyoyin uku ne, A da B da C, kuma wanda ya sayi tikitin AB yana iya hawa bas, ya sauka ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya sake sauka ya hau na kan titi, ba tare da ya damu da sanin kamfanin da ya mallaki kowannensu ba.

"Ai wannan kashe gasa ne"

Wannan ce suka ta farko da ake yi, kuma ba ta raini ba ce. Masu ita suna cewa idan aka hana kamfanoni sauke farashi don jawo fasinja, aka kuma hana su ƙara mota a layin da suka ga yana da jama'a, to an mayar da su 'yan amshin shata, kuma fasinja ne zai sha wahalar lalacinsu.

Amsar tana cikin abin da ya faru a Birtaniya. Dokar sufuri ta 1985, wadda ta fara aiki a watan Oktoba na 1986, ta sakar wa harkar bas mara a ko'ina ban da Landan. Duk mai lasisi yana iya yin rajistar layinsa, ya sa lokacin da ya ga dama da farashin da ya ga dama. Abin da ya biyo baya shi ne kowa tasa ta fisshe shi. Manyan tituna masu riba suka cika da motoci suna rige-rigen kwasar fasinja, unguwannin gefe da zirga-zirgar dare da ta ƙarshen mako kuwa sai ƙananan hukumomi suka koma biyan kuɗi kafin a yi musu. Tikitin wannan kamfani ba ya aiki a motar wancan, don haka mai tikitin mako yana tsaye a tasha motoci biyu su wuce shi, yana jiran ta uku. A hankali manyan kamfanoni kaɗan suka haɗiye ƙananan, gasar da aka yi alkawari ta ragu ƙwarai, yawan masu hawa bas a manyan biranen Ingila ya yi ƙasa, alhali a Landan, inda hukuma ta riƙe layuka da farashi, ya ƙaru sosai bayan shekarar 2000. Ba banza ba yankin Manchester ya dawo da motocinsa ƙarƙashin ikon hukuma, aikin da ya fara a watan Satumba na 2023 ya kammala a Janairu na 2025.

Kuma haɗaka ba ta hana gasa, wurin yin ta kawai take sauyawa. A Landan kamfanoni masu zaman kansu ne ke tuƙa jajayen motocin nan, amma takararsu a kan kwangila ce: hukumar sufurin birnin ta fitar da layi, ta faɗi yawan motocin da take so da tazarar da za ta kasance tsakaninsu, wanda ya kawo tayi mafi kyau ya karɓa na wasu shekaru, idan ya gaza a ba wani. Na fi son kamfanoni su gwabza a teburin kwangila da su gwabza a kan titi da rayukan mutane a cikin motocinsu.

Inda gizo ke saƙa

Mutane da yawa suna ɗaukar tikiti guda a matsayin babban aikin haɗaka, domin shi ne abin da ido ke gani. A ganina buga tikiti shi ne mafi sauƙi. Wahalar tana wurin rabon kuɗi, kuma duk haɗakar da ba ta warware wannan ba, ba za ta yi ƙarko ba.

A ɗauki ma'aikaciyar da ta sayi tikitin wata a na'urar da ke tashar jirgin ƙasa. Kowace safiya tana hawa bas ta minti goma, ta shiga jirgi na rabin awa, ta ƙarasa da wata bas ɗin ta wani kamfani daban. Kuɗinta gaba ɗaya ya shiga aljihun wanda ya sayar da tikitin, alhali kamfanoni uku ne suka ɗauke ta. Nawa ne rabon kowa?

Idan aka ce a raba bisa yawan mutanen da suka hau, mai gajeren layi a tsakiyar gari ya ci riba, mai dogon layin ƙauye ya kwana ciki. Idan aka ce bisa nisan da aka ɗauki kowane fasinja, jirgin ƙasa ya kwashe kusan komai, alhali da bas ba ta kawo masa mutane bakin tasha ba, da taragunsa sun tafi wayam. Idan kuma aka ce a biya kowa bisa kilomitan da motarsa ta yi, ko da mutane ko babu, to an cire wa kamfani kwaɗayin neman fasinja, kuma direban da ya hangi tsohuwa tana ɗaga hannu ba shi da dalilin taka birki. Kowace hanya tana da irin halin da take koya wa kamfani, kuma wannan halin shi fasinja ke gamuwa da shi a tasha.

Shi ya sa haɗakar da ta san aikinta take kashe kuɗi wajen ƙidaya: na'urori a ƙofofin motoci masu lissafa shiga da fita, da ma'aikata masu bin fasinjoji da tambayar inda suka hau da inda za su sauka da irin tikitin da ke hannunsu. Zurich ta zaɓi hanyar da na fi gamsuwa da ita. Kuɗin tikiti na shiga asusun haɗakar ZVV, ita kuma ta biya kamfanoni sama da 30 kuɗin aikin da aka umarce su su yi, tare da sa ido a kan ingancinsa. Landan ma haka take yi, da ƙarin lada ga kamfanin da motocinsa ke zuwa a kan kari da ragi ga wanda ya saba. Da zarar kamfanin bas ya daina kallon jirgin ƙasa a matsayin kishiya mai ƙwace masa fasinja, jiran minti uku a bakin tasha ya daina zama asara a wurinsa. In so samu ne, a rubuta jiran nan a cikin kwangila, a kuma haɗa direba da ofishin da zai sanar da shi idan jirgi ya makara.

Akwai wata gaskiyar da masu goyon bayan haɗaka, irina, ba sa son faɗa da ƙarfi. Tikiti guda kusan kullum ya fi tikiti biyu araha, wato ranar da aka haɗe farashi, kuɗin shiga zai ragu kafin sababbin fasinjoji su zo su cike gurbin, idan ma sun cike. Dole wani ya biya giɓin. A Zurich an rubuta shi a doka cewa gwamnatin yankin ta ɗauki rabi, ƙananan hukumomi su ɗauki rabi. Duk ɗan siyasar da ya yi alkawarin tikiti guda bai faɗi wanda zai cike giɓin ba, bai gama magana ba.

"Mai gajeren zango ne ke biya wa mai dogo"

Wannan sukar tana da ƙamshin gaskiya. Tsarin shiyya yana sa layi a kan taswira, kuma duk inda aka ja layi, akwai wanda gidansa ke dab da shi. Mutum biyu za su hau mota ɗaya, ɗaya ya yi tasha goma sha biyar a cikin shiyya guda, ɗayan ya yi tasha biyu amma ya tsallaka iyaka, sai na biyun ya fi biya. Na yarda wannan zalunci ne, ko da ƙarami ne.

Amma yana da magani a cikin tsarin kansa. Berlin na da tikitin gajeren zango mai rahusa, na tasha uku a jirgi ko tasha shida a bas. Wasu wuraren suna sa tashoshin bakin iyaka su zama na shiyyoyi biyun duka. Yanzu kuma wayar hannu da katin taɓawa sun ba da damar a lissafa ainihin nisan da mutum ya yi, a kuma ƙayyade iyakar abin da za a cire masa a rana. Abin lura shi ne, ana iya yin irin wannan gyara ne saboda akwai ofishi guda da ke da ikon yin sa. Inda kamfanoni biyar ke da farashi biyar, wanda aka zalunta bai ma san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba.

Tikiti mai araha ba ya kawo mota

Mazauna karkara su ne suka fi cancantar a saurari ƙorafinsu. Suna cewa harajinsu na shiga asusun haɗaka, amma motocin suna birni. Jamus ta nuna ƙarfin wannan ƙorafi ba da niyya ba. Daga Yuni zuwa Agusta na 2022 ta sayar da tikitin wata na Yuro 9 mai aiki a duk motocin bas da jiragen gajeren zango na ƙasar, aka sayi kimanin miliyan 52. A watan Mayu na 2023 aka maye gurbinsa da na dindindin a kan Yuro 49, wanda ya koma 58 a farkon 2025, gwamnatin tarayya tana zuba Yuro biliyan ɗaya da rabi a shekara, jihohi ma suna zuba kwatankwacinsa. Tikitin ya share iyakokin da ke tsakanin gomman haɗakun ƙasar, waɗanda su ma sun zama wani ciwon kai ga mai tsallaka yanki zuwa yanki. Sai dai mutumin ƙauyen da mota ke zuwa wa sau biyu a rana, ɗaya ta kai 'yan makaranta ɗaya ta dawo da su, bai ga abin da zai yi da tikitin ba, kome arharsa.

Darasin da na ɗauka shi ne jadawali na gaba da farashi. Switzerland ta gane haka tun 1982, lokacin da ta mayar da jiragenta kan tsarin tashi a minti iri ɗaya a kowace awa, ta yadda a manyan mahaɗu jirage da motoci kan taru a ɗan lokaci guda, mutane su sauya, sannan kowa ya kama hanyarsa. Mutum ba ya bukatar haddace littafi, ya dai san motarsa na tashi da minti kaza bayan kowace awa. A yankin Zurich kuma ƙa'ida ta tanadi cewa matsugunin da ya kai mutum 300, idan an haɗa mazauna da guraben aiki da na karatu, yana da haƙƙin a kai masa sufuri. Ana kuma baje daftarin jadawali a fili kafin a zartar da shi, ƙananan hukumomi da jama'a su kawo gyara. Irin wannan rubutaccen haƙƙi shi ne amsar da ta dace da ƙorafin karkara, kuma haɗakar da ba ta da shi, ban ga laifin ƙauyen da ya ƙi shiga cikinta ba.

Idan aka yi gaggawa

Ba zan ɓoye cewa ana iya lalata wannan aiki ba. A watan Fabrairu na 2007 birnin Santiago na ƙasar Chile ya sauya dukan layukan bas ɗinsa a rana ɗaya, ya haɗa farashinsu da na jirgin ƙarƙashin ƙasa a kan kati guda. A takarda tsarin ya yi kyau. A titi kuwa motocin ba su isa ba, layukan da mutane suka saba da su shekara da shekaru sun ɓace, wanda da yake hawa mota ɗaya ya koma hawa biyu ko uku, jiragen ƙarƙashin ƙasa suka cika maƙil, har sai da Shugaba Michelle Bachelet ta fito ta nemi afuwar jama'a. An kuma tsara shi da zaton zai riƙe kansa ba tare da tallafi ba, daga baya dole gwamnati ta sa masa tallafi. Gyaran gangar auzinawa ke nan.

Sai dai idan aka duba da kyau, abin da ya kayar da Santiago shi ne tilasta wa mutane sauya mota kafin a tabbatar motar da za su sauya zuwa gare ta tana nan. Wato matsalar mahaɗa ce dai, wadda na fara magana a kanta. Hamburg ba ta yi haka ba: an sa hannu a yarjejeniya a ƙarshen 1965, amma sai da aka ɗauki kimanin shekara guda ana shiri kafin tikitin bai-ɗaya ya fara aiki, kuma aka ci gaba da faɗaɗa yankin sannu a hankali zuwa gundumomin jihohi biyu da ke maƙwabtaka da birnin.

Saura tambayar wanda zai riƙe ragamar haɗakar. HVV ta fara ne a matsayin ƙungiyar kamfanoni, amma a 1996 aka mayar da ita hannun gwamnatocin jihohi da gundumomin da ke biyan giɓin, kuma ina ganin hakan ya fi dacewa. Ƙungiyar da kamfanoni zalla ke juyawa za ta fi karkata ga kare rabon kowane mamba, kuma layin da ba ya kawo kuɗi shi ne zai fara shan wuƙa. Wadda zaɓaɓɓun wakilai ke kula da ita tana da nata rauni, domin ɗan siyasa na iya daskarar da farashi saboda zaɓe ya bar motoci suna tsufa, ko ya ja layi zuwa mazaɓarsa ko da ba fasinja. Maganin da na sani shi ne a raba aikin gida uku a rubuce: 'yan siyasa su yanke yawan hidimar da ake so da kuɗin da za a kashe, ƙwararrun haɗaka su zana layuka da jadawali, kamfanoni su tuƙa. Sannan a riƙa wallafa alƙaluman kowane layi, har da yawan lokutan da mota ta tashi ta bar fasinjojin jirgi a baya, domin abin da ba a ƙirga ba, ba wanda za a tuhuma a kansa.

Da akwai irin wannan ofishi a tashar da na sauka ran nan, gyaran da ake bukata bai wuce a matsar da lokacin tashin motar da minti biyar ba. Ba sai an sayi sabuwar mota ko an ɗauki sabon direba ba. Ma'aikaci ɗaya ne zai ɗora jadawalin jirgi a kan na bas, ya ga minti biyun da suka saɓa, ya kuma kasance yana da ikon da zai kira kamfanin motar ya ce daga ranar kaza ga sabon lokacinku.